Hayar mota da direba a Ruwanda: abin da na gani daga Kigali zuwa Virunga, tafkin Kivu da kurmin Nyungwe

Duk wanda zai je Ruwanda kuma yana da niyyar fita daga Kigali ya ga kasa, shawarata ya dauki hayar mota hade da direba, kada ya ce zai tuka da kansa, kada kuma ya dogara da motocin tasha in dai kallo ne ya kai shi. Motocin tashar nasu ba laifi, suna da tsafta suna tashi a kan lokaci, amma ba za su tsaya maka a bakin tafki ba, ba za su jira ka ka yi salla ba. Mu kamfanin da muka yi hulda da shi karami ne, a Kigali yake, kuma ba zan kama sunansa ba saboda akwai inda zan yaba musu akwai inda zan fadi laifinsu, sannan irinsu suna da yawa a garin, abin da zan fada zai yi maka amfani ko da wanne ka hadu. In ka ce in fada maka a baki daya, to direban da suka ba mu ya cancanci duk abin da muka biya har da kari, motar ta yi abin da za ta iya, ofishinsu kuwa sai a hankali.

Mu uku ne, ni da maidakina da kanina. Hanyar da muka tsara ita ce wadda yawancin masu zuwa suke bi, a tashi daga Kigali a yi arewa zuwa Musanze inda duwatsu masu aman wuta suke, daga nan a gangara Rubavu a bakin tafkin Kivu, a bi gefen tafkin a yi kudu ta Karongi, a ratsa kurmin Nyungwe, a fito ta Huye da Nyanza a dawo Kigali. A taswira za ka ga abin kamar ba komai don kasar karama ce sosai, amma kada wannan ya rude ka, kusan babu mikakkiyar hanya a yammacin kasar nan, daga hawa sai gangara sai kwana, kilomita 100 sai ta ci maka awa biyu da rabi ko uku. Shiga kasar kuwa ba wahala ga mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, 'yan Afirka a filin jirgi ake buga musu izinin kwana 30 ba a biyan ko sisi, ka dai rike katin rigakafin shawara, kuma kada ka nade kayanka a leda don tun 2008 suka hana leda kuma da gaske suke yi.

Ta WhatsApp muka yi ciniki, da dala suke lissafi, kudin kwana daya kaza, ka tura kafin alkalami su rike maka mota. A nan ne matsala ta farko ta fito. Mun yi magana a kan babbar jif, Prado, har hotonta suka turo, ranar tafiya da safe sai ga karamar RAV4 a kofar otal, wai waccan tana wajen bakanike. Ban ji dadi ba ko kadan, ba don karamar ba ta da kyau ba, a'a tana da tsafta, tayoyinta sababbi, safaya da jak duk akwai don na sa an bude but na duba, amma abin da aka yi alkawari daban abin da aka kawo daban, kuma ba wanda ya kira ya sanar da ni tun dare. Na kira ofis sai da aka sha ja-in-ja kafin suka yarda za su rage kudin su mayar min da bambancin a karshen tafiya. Na biyu, mai a kanmu yake, wannan na sani tun farko kuma adalci ne, a ba ka tanki cike ka mayar da shi cike, amma kudin kwana da abincin direba ba su ambata ba sam sai da muka isa Musanze da yamma shi bawan Allahn ya tambaye ni cikin jin nauyi ko ofis sun yi min bayani. Ba su yi ba. Ba kudi ne mai yawa ba, amma bai kamata a bar ma'aikaci da kunyar tambayar hakkinsa ba, aikin ofis ne su rubuta shi baro-baro a yarjejeniya.

Direban nan dattijo ne mai natsuwa, yana jin Turanci daidai gwargwado da Faransanci da Swahili ban da yarensu Kinyarwanda, kuma tun kafin mu tashi ya fara nuna ya san aikinsa. Shi ya duba ranakunmu ya ce min akwai Asabar din karshen wata a ciki, ranar Umuganda ce, aikin gayya ne na kasa baki daya, da safe shaguna a rufe, motoci ba sa yawo sai wajen karfe 11, don haka mu sa wannan safiyar ta same mu a inda ba mu da niyyar motsawa. Ofis ba su fada min wannan ba, da ba don shi ba da mun tsara doguwar tafiya a ranar.

Hanyar Kigali zuwa Musanze kwalta ce lafiyayya, wajen awa biyu da 'yan kai, tana ta nadewa a jikin tuddai, ko ina an noma shi har can kololuwa, ayaba da wake mai hawa sanda da masara da bishiyoyin turare. Wanda ya taba hawan dutsen Mambila daga Mayo Selbe zai gane irin hanyar da nake nufi, sai dai a nan hawan ba ya karewa, kana gama wani wani zai karbe ka. Abin da ya sa na ce kada bako ya tuka da kansa abu biyu ne. Na daya kyamarorin kama masu gudu, wadanda mutanen kasar suke kira Sofia, suna nan a wurare da yawa kuma iyakar gudun tana canzawa daga 80 zuwa 60 zuwa kasa da haka ba ka ankara ba, tara kuma ta waya take zuwa kan lambar motar, ba dan sandan da za ka roka. Na biyu masu kekuna. Za ka ga saurayi ya dora buhunan dankali ko gwangwanayen madara a keke yana gangarowa daga tudu a guje, ko ya rike bayan tirela tana jansa a hawa, ga yara 'yan makaranta a gefen titi, ga mata dauke da kaya, titin bai taba zama babu mutum ba. Direbanmu ko sau daya bai wuce mota a kwana ba, a gangara kuma ba ya zama a kan burki, lamba biyu yake sa mata ta rike kanta, har muka gama tafiyar nan ban ji kaurin burki ba.

A tsakiyar hanya ya tsaya da mu a Nyirangarama, wurin da kusan kowace mota take yada zango, na wani dan kasuwa ne Sina Gérard da ya fara da karamin shago a nan kauyensu har ya zama masana'anta. Can ake yin Akabanga, man barkono ne ruwan dorawa a 'yar karamar kwalbar roba irin ta maganin digawa a ido, digo biyu ya ishi kwanon abinci, kanina ya zuba wajen biyar a kan gasasshen dankali sai da hawaye suka zubo masa. Mun sayo da yawa na tsaraba, ba shi da tsada kuma ba ya cin wuri a jaka.

Kana kusantar Musanze kasa take canza kala ta koma baka, duwatsun gefen hanya su ma bakake ne masu huji-huji, su ne narkakken dutsen da ya malalo ya daskare tun zamanin da, manoma suna tsince su daga gona su jera su yi katanga da su ba siminti ba laka. Kasar kuwa albarka gare ta, dankalin turawa ko ina, da wasu fararen furanni da suke nomawa fili guda, direba ya ce ana busar da su a yi maganin kwari da su. Duwatsun nan masu aman wuta, wadanda ake kira Virunga, takwas ne, biyar suna bangaren Ruwanda ko kan iyakarta, Karisimbi shi ne babba mita 4,507, sai Muhabura mita 4,127, sai Bisoke mita 3,711, da Sabyinyo wanda a kansa iyakar Ruwanda da Yuganda da Kongo suka hadu, da Gahinga. Da rana yawanci gajimare ya rufe su, za ka iya kwana a garin ba ka san akwai su ba, shi ya sa direba ya ce mu fito bayan asuba kadan, ya kai mu wani fili bayan gari, sai ga su a jere tar, Muhabura a tsaye kamar an zana shi, kafin karfe takwas kuma hazo ya sake hadiye su. Irin wannan sanin ne nake cewa ba a samunsa a taswirar waya. Sanyi fa akwai shi, garin ya haura mita 1,800 a sama, ka zo da rigar sanyi ta gaske da safa, alwalar asuba da ruwan famfo sai ka daure.

Yawancin Turawan da ke cika garin gwaggon biri suke zuwa gani, a dajin nan ne Dian Fossey, Ba'amurkiya mai nazarin gwaggon biri, ta kafa sansaninta na bincike a 1967 tsakanin Karisimbi da Bisoke, a can kuma aka kashe ta a 1985. Takardar izinin ganinsu dala 1,500 ce ga bako tun 2017, awa daya kacal za ka yi da su, akan yi wa 'yan Afirka rangwame mai yawa don haka ka tambaya da fasfonka kafin ka biya, mu dai aljihunmu bai kai nan ba sai muka zabi hawan Bisoke ni da kanina, wanda kudinsa bai kama kafar wancan ba. Ana haduwa a ofishin gandun dajin da ke Kinigi da karfe 7 na safe, a raba mutane rukuni-rukuni, sannan kowa ya shiga motarsa zuwa gindin dutse, su ba sa ba da mota, kuma a nan ne na gane dalilin da ya sa na nace a kan babbar jif. Hanyar daga inda kwalta ta kare zallar duwatsun nan ne masu kaifi, karamar motarmu ta rika dukan ciki, wani wurin sai da muka sauka ya lallaba ta ita kadai. Ya fitar da mu lafiya don gwani ne, amma in za ka je Kinigi ka tsaya kai da fata a kan mota mai tsayi daga kasa, kada a lallashe ka.

Hawan kansa wahala ne, ba zan boye ba, wajen awa hudu a hawa biyu zuwa uku a sauka, tabo har kauri, ga wani ganye mai kaikayi da ke ratsa wando, ga numfashi yana yin sama saboda tsayin wurin. Akwai jagora da masu gadi dauke da bindiga saboda bauna, akwai kuma 'yan dako na kauyen da ake dauka su rike maka jaka su ja ka a wurin santsi, ka dauki daya ko kana jin karfi, da shi suke ci da iyalinsu. A can sama ramin dutsen ne cike da ruwa, tafki zagayayye shiru, daya gefen nasa Kongo ce. Mun iso hazo ya rufe shi ruf, jagoran ya ce mu zauna mu jira, can iska ta zo ta yaye shi, ruwan ya bayyana kore shar a kasanmu, kanina ya kama hannuna yana cewa Yaya ka gani, Yaya ka gani, ni kuwa ban da tasbihi ba abin da nake yi. Da muka sauko jikinmu duk laka sai muka tarar direba ya shimfida tsofaffin buhuna a kan kujeru da kasan motar, ya kuma samo mana ruwa a jarka na wanke kafa. Ba wanda ya sa shi.

Tagwayen tafkunan Burera da Ruhondo ba su da nisa da Musanze, narkakken dutse ne ya toshe wa ruwa hanya suka taru, daya yana sama da daya, a tsakaninsu akwai tashar lantarki ta Ntaruka. Akwai tudun da in ka hau za ka ga su biyun da tsibiransu da duwatsun a bayansu, maidakina ta ce a duk tafiyar nan wurin ya fi kwanta mata. Kogwannin dutse na Musanze kuwa mun leka, ba laifi, amma in lokacinka kadan ne za ka iya tsallake su.

Daga Musanze zuwa Rubavu, wanda tsofaffi har yanzu suke kira Gisenyi, awa daya da 'yan mintuna ne, kana ta gangara ta cikin gonakin shayi har tafkin Kivu ya bude a gabanka. Garin manne yake da Goma ta Kongo, shinge ne kawai a tsakani, kuma daga nan ana hango Nyiragongo, shi wannan ba barci yake ba, ya yi aman wuta a Janairun 2002 ya ratsa tsakiyar Goma har cikin tafki, ya sake yi ranar 22 ga Mayun 2021, girgizar kasar da ta biyo baya ta tsaga tituna da gidaje a Rubavu kanta. Direba ya nuna mana inda aka gyara. Maganar tsallakawa Goma kuwa a bar ta, motar haya ba ta da izinin ketare iyaka, kuma tun da 'yan tawayen M23 suka kama garin a Janairun 2025 yankin ba wurin yawon bako ba ne, ka saurari labarai kafin ka sa Rubavu a tsarinka, ka kuma ji maganar direbanka in ya ce kada a kwana.

Tafkin Kivu shi ne abin da ya fi tsaya min a rai. A ido ruwa ne mai natsuwa, babu kada babu dorina, yara suna wanka a bakin yashi, tuddai kore sun kewaye shi, yana sama da mita 1,400 daga doron teku, zurfinsa ya kusa mita 480. Amma a can karkashinsa akwai iskar gas mai tarin yawa da ta narke a cikin ruwan saboda duwatsu masu aman wutar da ke yankin, nauyin ruwan da ke samanta ne ya danne ta. Irin wadannan tafkunan uku aka sani a duniya, sauran biyun a Kamaru suke, Monoun da Nyos, kuma 'yan uwanmu na Kamaru ba su manta da daren 21 ga Agustan 1986 ba, lokacin da iskar ta balle daga Nyos ta bi kwari ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu. Kivu ya ninka Nyos girma nesa ba kusa ba, ga miliyoyin mutane a kewayensa. Abin da Ruwanda ta yi shi ne take zuko iskar tana yin lantarki da ita, a kusa da Karongi akwai tashar KivuWatt mai ba da megawat 26, za ka hango dandalinta yana shawagi can tsakiyar ruwa. Direbanmu ya san wannan bayanin tiryan-tiryan, ya tsaya a inda ake hango ta ya yi mana shi a tsanake, ba irin haddar da ake yi wa baki ba, ka ji mutumin da ya damu da tafkin ne don danginsa a bakinsa suke zaune.

Hanyar Rubavu zuwa Karongi har Rusizi da ke kudancin tafkin kwalta ce mai kyau, amma kwanoninta sun fi na ko ina yawa, wanda mota ke juya wa ciki ya sha magani tun kafin a tashi ya zauna a gaba. Maidakina ta sha fama, shi kuma da ya lura sai ya rage gudu ya rika tsayawa a kai a kai ba tare da an roke shi ba, kuma duk inda zai tsaya sai ka ga wuri ne da tafkin ya shigo tsakanin tuddai ga tsibirai, wato hutun da kallon a hade. A Karongi ya ce lallai mu kasance a bakin ruwa kafin magariba. Masunta ne suke fita, kwale-kwale uku-uku a daure da juna da dogayen sanduna sun mike gaba da baya suna lankwasa, matasa suna tuki da filafili suna rera waka murya daya don hannunsu ya daidaita, in dare ya yi su kunna fitilu su kwana a kan ruwa, hasken ne yake jawo kananan kifin da suke kira sambaza, wanda asalinsa daga tafkin Tanganyika aka kawo shi a karshen shekarun 1950. Ana soya shi rumus a ci da kai da kaya, da lemon tsami da digon Akabanga, gaskiya ya yi dadi. Washegari a jirgin ruwa muka ga shanu suna iyo daga wani tsibiri zuwa wani neman ciyawa, kawunansu da kahonni kawai a waje, makiyayin yana binsu a kwale-kwale. Na dauki bidiyo don na san in na fada a gida da baki ba za a yarda ba. Shi ma mai jirgin direba ne ya hada mu da shi, ya kuma tsaya aka yi ciniki a gabansa, ya tabbatar akwai rigar ruwa ta kowa.

Nyungwe kurmi ne na gaske, fadinsa ya dan haura murabba'in kilomita 1,000, a kan tsaunuka yake, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2023. Kana fitowa daga gonakin shayin Gisakura da aka aske su sumul sai kawai bishiyoyi su rufe ka, titin ya ratsa ta tsakiyarsa yana nadewa, hazo yana tashi daga kwaruruka, birai a bakin hanya suna kallon motoci, nau'insu 13 ne a dajin, tsuntsaye kuma sama da 300. Za ka rika ganin sojoji a tsaye jefi-jefi a gefen titi saboda dajin ya hade da iyakar Burundi, ba sa tare kowa, amma kada ka dauke su hoto. A kan tsaunukan nan ne ruwan sama yake rabuwa, wanda ya zuba ta yamma ya tafi kogin Kongo, na gabas ya nufi Nilu.

A nan ofis suka sake ba mu kunya. Tun a Kigali suka ce sun kama mana wuri a gadar sama ta Uwinka da aka rataya a saman bishiyoyin kurmin, wadda ake zuwa a lokuta kayyadaddu tare da jagora, muka iso aka duba babu sunanmu, na kira layinsu yana shiga ba a dauka, sabis ma a dajin sai ka nemi tudu. Direba ne ya shiga ya fita ya samo mana gurbi a rukunin rana muka biya a nan take. Gadar tsawonta mita 160, wajen mita 70 daga kasa, an bude ta a 2010, fadinta na mutum daya ne, raga ta ko wane gefe, tana lilo a hankali in ana tafiya, kana kallon kan bishiyoyi a karkashin kafarka. Mai tsoron bisa ya yi tunani, kuma a sani kafin a kai gare ta akwai gangara mai santsi wadda dole a hawo ta a dawowa.

Maganar salla da abinci, wadda na san ita ce tambayar farko da mutanenmu za su yi. Musulmi tsiraru ne a kasar amma suna nan, kuma kusan kowane babban gari akwai masallaci, Musanze da Rubavu da Huye duk mun samu. Direbanmu Kirista ne, amma ranar farko ya tambaye ni lokutanmu, daga nan shi yake tuna min, in azahar ta yi ya nemi wuri mai ruwa da tsafta ya faka, mu yi kasaru mu hada da la'asar. Wajen abinci ya san gidajen da Musulmi suke yanka, ya kuma gargade mu da cewa in muka ga an rubuta akabenz to naman alade ne kuma ana cinsa sosai a wuraren shakatawa, sannan tsiren akuyarsu da suke kira burosheti a tambayi wanda ya yanka da inda aka gasa. In ka rasa tabbas ga kifi ga wake ga dankali ga ayaba dafaffiya ga madara da nono a shagunan madara da ke ko ina. Abu daya, gidajen abincinsu ba sa sauri, awa guda kana jira ba komai ba ne a wurinsu, sai ya rika kiran waya tun muna hanya a dora mana. A Kigali kuwa ka ce a kai ka Nyamirambo, unguwar Biryogo, nan za ka ci ka sha shayi hankalinka kwance ga kiran salla kana ji.

Fitowa daga Nyungwe ta gabas ana wucewa kusa da Murambi, daya daga cikin wuraren tunawa da kisan kare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994, makaranta ce da ba a gama ginawa ba inda aka tara dubban mutane aka hallaka su. Ya tambaye mu ko muna so mu shiga, muka ce e, ya kai mu har kofa ya ce zai jira a mota. Bai ce komai ba mu ma ba mu tambaye shi ba. Dan Allah duk wanda zai je kasar nan kada ya tambayi direbansa ko wani cewa kai Hutu ne ko Tutsi, ba a yi, kuma ba ka san abin da mutum ya gani ba. Wurin yana da nauyi kwarai, ban ba da shawarar a shiga da yara ba.

A Nyanza mun tsaya fadar sarakunansu na da, muka ga shanun Inyambo masu dogayen kahonni da ake yi wa kirari da waka suna tsaye cak, daga nan sai Kigali.

Wajen sallama aka duba mota aka ga tanki cike, babu tarar Sofia ko daya, sai maganar cikon kudina na canjin mota, nan ma sai da na yi ta bibiya, har na dawo gida kafin suka turo, sun dai turo cif ba ragi, wannan na ba su. In zan sake komawa zan iya daukar motarsu amma da sharadin a ba ni wannan direban, kuma a rubuta komai kafin in tura ko dala daya, irin motar da lambarta, wa zai biya mai, kwanan direba da abincinsa nawa ne a rana, akwai iyakar kilomita ko babu, in mota ta lalace a daji cikin awa nawa za su kawo wata, izinin shiga gandun daji kuma a turo maka risit ka gani da idonka. Ka nemi a hada ka da direban ku yi magana ta waya kafin ranar, minti biyar ya isa ka gane ko ya san hanya. Lokacin zuwa kuma Yuni zuwa Satumba ya fi, ruwa ya dauke, don damina mai karfi ta Maris zuwa Mayu tana zaftare kasa a kan hanyoyin yamman nan, a Mayun 2023 ambaliya da zaftarewar kasa sun kashe mutum sama da 130 a yankin. Ihsanin da za ka yi wa direba kuma ka damka masa a hannunsa da kudin kasarsu ko ta MoMo dinsa, wato asusun kudinsa na waya, kada ka bi da shi ta ofis.